Yajin Inuwa Tafireta

"...Gajiya ta bi lafiya. Ina kwanan masu mulki?"

"Lafiya lau, Angona. Babbar riga da safiyar Talata? Wa ya rasu?"

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi, mummuna. Ba ni kujera. Yau ofis na zo, ba zance ba."

Mai wannan magana Malam Inuwa ne, wanda duk Unguwar Dosa ta sani da Inuwa Tafireta, don shekara talatin da biyar ya yi yana buga takardun gwamnati kafin ya yi ritaya. Wadda ya kira mummuna kuwa jikarsa ce Nafisat, mai shagon ɗinki a Hayin Banki, kuma kana ganinta za ka san tsohon nan sharri yake mata. Tun tana goye yake ce mata amarya, ita kuma tun da bakinta ya buɗe ba ta taɓa raga masa ba.

Amma yau ba wasa kaɗai ya kawo shi ba. Nafisat tana cikin masu kula da Zauren Kaduna Jiya, wani dandali a intanet inda dubban mutane ke saka tsofaffin hotunan gari suna ba da labari. Malam Inuwa ya taɓa zama tauraron wurin, har lambar "Dattijon Zaure" aka liƙa wa sunansa. Sai wata uku da suka wuce ya saka wani hoto na shekarar saba'in da shida: shi a kan keke, gashi tuli guda, abokinsa Zakariyya tsaye a gefensa. Wani matashi mai suna Audu ya ƙirga yatsun Malam Inuwa a kan mariƙin keken, ya samu shida, ya rubuta, "Baba, wannan hoton ai na'ura ce ta haɗa shi." Wayyo! Tsoho ya yi masa wankin babban bargo, masu kula da zaure suka ja kunnen tsoho, tsoho ya yi zuciya ya goge shafinsa gaba ɗaya.

Jiya bayan la'asar wani maƙwabci ya nuna masa abin da ya hana shi cin tuwo. Hoton yana nan a zaure, sai dai inda sunansa yake a da an rubuta "Tsohon mamba". A ƙasa kuma wata Aminatu ta rubuta cewa na tsayen nan mahaifinta ne, suna zaune a Rigachikun, jikinsa ya yi tsanani, ranar Alhamis za a wuce da shi asibiti Kano, kuma tun da ya ga hoton ba ya ambaton kowa sai Inuwa. Shekara talatin da takwas rabon Malam Inuwa da Zakariyya. Aminatu ba ta bar lambar waya ba, don dokar zaure ta hana. Shi ya sa yau da sassafe ya kakkaɓe tsohuwar tafiretarsa, ya buga takarda, ya rantse ba zai koma gida ba sai da sunansa.

Ya ɗora wani fayil mai ruwan ƙasa a kan teburin yanka, ya zaro takarda.

"Karɓi. Kwafi uku ne. Ɗaya naki, ɗaya na fayil, ɗaya na shaida ranar gobe."

Nafisat ta goge hannu ta karanta da ƙarfi. "'Zuwa ga Shugabar Zaure, ta hannun jikata mai ƙaton goshi.' Angona, a takardar ofis ma sai ka zage ni?"

"Bayanin kamanni ne, kada takarda ta ɓata hanya. Ci gaba."

"'Ina umartar a mayar mini da shafina, da lambata ta Dattijo, da hotunana ɗari biyu da goma sha huɗu, nan da azahar.' Umarni ma! Mai roƙo da sanda ke nan. To ranka ya daɗe, an duba, an ga babu."

"Babu me?"

"Babu shafin. Ranar da ka danna gogewa, waya ba ta tambaye ka ko ka tabbata ba?"

"Ta tambaya. Sau biyu ma, don rashin kunya."

"Ba ta ce maka kana da kwana talatin ka sake shawara ba, in sun wuce bakin alƙalami ya bushe?"

"Ta faɗa. Na ɗauka kwanakin biko ne."

Nafisat ta ajiye takardar a hankali. "Kwanakin me?"

"Biko! Kurma ce ke? Mutum mai daraja in ya yi fushi ya fita, ai ba ya dawowa da ƙafarsa. Dattawa ake tarawa, a sayi goro, a je a ba shi haƙuri. Na ce wa'adin nan ku aka ba, ku shirya ku zo. Har sabuwar tabarma na saya na shimfiɗa a ƙofar gida."

Kai jama'a! Nafisat ta yi dariya har sai da ta dafa tebur. Abin tausayin shi ne da gaske yake yi. Kwana talatin cur, duk Keke Napep ɗin da ya tsaya a layinsu sai Malam Inuwa ya gyara hula ya haɗe rai, don kada masu biko su same shi yana murmushi. Ba wanda ya zo sai mai karɓar shara.

"Innalillahi! Angona yaji ya yi!" in ji ta. "Namiji, da gemu, da jikoki goma sha ɗaya! Da ka sanar da ni ai da na zo da turmin atamfa da sabulun wanka."

"Da kin zo da na ƙara wata guda. Wa zai dawo saboda wannan fuskar?"

"Fuskar nan dai yau gabanta ka kawo takarda."

"Ke yarinya, ni na yi aikin gwamnati. Fayil ba ya mutuwa. In aka ce babu, to wani ne ya zauna a kai. Tashi in gani."

Ta miƙe tsaye ta nuna masa kujerar. "Duba da kyau, ko in ara maka tabarau? Nan ba ma'aikatarku ba ce. Kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi. Rubutu da hotuna muna barinsu, don hirar jama'a na rataye a jikinsu, in an cire su zance ya zama ba kai ba gindi. Suna kuwa yana tafiya da mai shi."

"Wato ku riƙe kaya ku jefar da mai kaya. A zamaninmu sunan wannan fashi."

"A zamaninmu sunanta doka ta bakwai. Ranar da aka kafa ta kai ka fara rubuta madalla, da manyan baƙaƙe."

"Ranar ban san da ni ake ba."

"Haka doka take, Angona, daɗi gare ta a wuyan maƙwabci."

Malam Inuwa ya dubi silin. Sai ya sa hannu a aljihu ya ciro ƙullin dabino mai laushi, irin na masu dawowa daga Umra, ya tura shi gabanta a hankali ba tare da ya dube shi ba. Haka ya ga manya suna yi a ofis, amma shi bai taɓa gwadawa ba sai yau.

"Wannan fa?"

"Tsuntsu ne ya yar."

"La ilaha! Cin hanci da rana tsaka! Kullum kana mana wa'azin ka yi shekara talatin da biyar ka bar aiki hannunka tsaf, ashe ba ka samu wanda za ka ba ba ne."

"Toshi ne, mara godiya. Ango ba zai yi wa amaryarsa toshi ba?"

"Angon da ya yi yaji ba shi da toshi. Mayar da kayanka."

Bai mayar ba, ita ma ba ta taɓa ba. Dabino ya zauna a tsakaninsu.

"To ji nan," in ji shi, ya sassauta murya. "Bar shafin. Ke kin san ni na saka hoton. Rubuta wa yarinyar nan ki ce kakanki ne, ta ba ki kwatance, magana ta ƙare."

"Ba zan iya ba."

"Yatsunki sun karye?"

"Na farko, ranar da ka fita ka ce in na sake ambaton sunanka a zauren nan ba ka yafe mini ba, duniya da lahira. Sau huɗu na kira ka a kan maganar Aminatu. Da na ce 'Angona, zaure...' sai ka kashe waya."

"Na janye. Na yafe. Rubuta."

"Na biyu, mu masu kula da zaure ba ma tona sunan wanda ya goge kansa, ko uban wa ya tambaya. Akwai baiwar Allah da ta gudu daga zauren nan saboda wani ya addabe ta, sai ga shi ya dawo da sabon suna wai shi yayanta ne, a faɗa masa inda take. Tun ranar muka rufe wannan ƙofar. Mai suna shi ke dawowa ya faɗi sunansa da bakinsa, a gaban kowa. In na buɗe maka don kai kakana ne, gobe da wane ido zan hana wani?"

"Da wannan ƙwala-ƙwalan idon naki mana."

"Kuma ka sani, mutum uku sun riga ka. Kowanne ya ce shi ne Inuwa."

Malam Inuwa ya miƙe zumbur, babbar riga ta kwashe almakashi ƙasa. "Uku? Ina raye?"

"Ɗaya ma ya fi ka kyau. Na so in karɓe shi in huta."

"Ɓarayi! 'Yan damfara! Wato ina can ina gadin tabarma, ana nan ana rabon gadona!"

"Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Zauna, kada hawan jininka ya tashi a shagona a ce ni na kashe miji."

Ya zauna yana huci. Zuciyarsa ba ta kan ɓarayin, tana kan ranar Alhamis. Yau Talata, rana ta riga ta ɗaga. Ya san irin tafiyar asibitin da ake yi da sa'o'insa, ya raka da yawa, kuma ba duka suka dawo ba. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai ji ba tun da ya tsufa.

"Faɗa min hanyar," in ji shi. "Ko ta kan gadar Kawo ce da rarrafe, zan bi."

"Yauwa, yanzu ka zo ofis. Sabon shafi za ka buɗe. Tsohon sunan an kulle shi, ba mai sake ɗauka, har kai."

"Sunan da ubana ya yanka wa rago?"

"Ubanka bai yanka wa Tafireta rago ba. Zaɓi wani. Ga 'Ango Mai Yaji', ba wanda ya ɗauka."

"Allah ya sawwaƙe."

"To 'Inuwa Tafireta Na Biyu'."

"Ni ne na biyun kaina? Wane ne na ɗayan?"

"Marigayi. Kai ka kashe shi da babban yatsanka."

"Rubuta," ya ce, kamar mai haɗiyar maɗaci. "Lambar Dattijo fa?"

"Ta bi marigayi. Ɗan koren ganye za a liƙa maka, alamar sabon shiga."

"Ganye! Ni akuya ce? Ni da na ga Kaduna lokacin da Malali take daji, yau ni ne sabon shiga a gaban yaran da aka haifa bayan an ƙare hankali? Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi..."

"...ba zai hango ba, mun sani. Amma karen bana shi ke maganin zomon bana. Saura sharaɗi biyu. Sai mutum biyu 'yan zaure sun tsaya maka. Kuma sabon shiga ba ya magana sai ya yi sati yana saurare."

"Sati? Alhamis fa jibi ce!"

"Na iya ƙirga, ba kamar wasu masu yatsa shida ba. Akwai mafita guda. Wanda ya fita a kan rigima, in abokin rigimarsa ya tsaya masa, ana ɗage masa satin. Sharaɗi, maganarsa ta farko ta zama janye zagin da ya yi."

"Audu? In roƙi Audu? Yaron da na girmi ubansa?"

"Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne."

"Ni gwiwata ciwo take."

"Girman kai rawanin tsiya, Angona."

"Rawanin dai nawa ne, ban ara wurin kowa ba."

Nafisat ta ɗauki wayarta ta yi 'yan danne-danne, ta miƙa masa. Ya nesanta ta da fuska, ya matso da ita, sannan ya karanta abin da Audu ya rubuta a ƙarƙashin saƙon Aminatu: "Ashe hoton gaskiya ne. Na yi wa dattijo rashin kunya. Na nemi shafinsa in ba shi haƙuri ban samu ba. Duk ranar da ya dawo, ni ne mai tsaya masa."

"Ka gani?" in ji Nafisat. "An zo bikon naka. Gidan ne ba a tarar ba, ka rushe shi."

Malam Inuwa ya karanta sau biyu. Kunya ta rufe shi, amma ka san tsoho da jika, ba ya faɗuwa ƙasa a gabanta.

"Yaron yana da tarbiyya. Ba jininku ba ne, daga gani. To shi ɗaya ke nan. Na biyu fa?"

"Ina tunani."

"Tunanin me? Ni na yi miki huɗuba a kunne!"

"Shi ya sa har yau kunnen ke ciwo. Zan tsaya maka in ka amsa tambayar Malam Zakariyya. Ita ta kayar da Inuwa ukun nan." Ta ja rubutun ƙasa ta karanta. "'Baba ya ce duk mai cewa shi ne Inuwa, ya faɗa a gaban jama'a: yatsa na shida na wane ne, kuma me yake yi a wurin?'"

Nan fa ɗaya. Malam Inuwa ya cire hula ya mayar. Ya tambayi ko fankar shagon ta lalace ne. Ya ce ɗinkin da ke rataye a bango hannunsa ɗaya ya fi ɗaya tsawo.

"Angona, tambaya aka yi."

"Inuwar hoto ce."

"Na farko haka ya ce, aka kore shi."

"To kuskuren mai wanki ne."

"Na biyu ke nan. Na uku ya ce da shi aka haife shi. Kai me ka ce?"

"Na ce a bar kaza cikin gashinta! Zakariyya mugu ne, tun yana yaro mugu ne. Yana kwance ma bai bar mugunta ba!"

Ya fizgi fayil ɗinsa zai tashi, sai wata ambulan ta zame ta faɗi a gaban Nafisat. Ta tsufa har ta yi ja, ga kan sarki na kwabo goma, ga hatimin gidan waya na Katsina. Ba a taɓa buɗe ta ba.

"Ba ni nan!"

Ta ɗaga ta sama. "Wannan ta wace budurwar ce? Tun kafin a haifi babana ake cin amanata?"

"Babanki yana aji uku lokacin, maƙaryaciya. Ta Zakariyya ce."

Ya koma ya zauna. Shekarar da aka ƙirƙiro jihar Katsina aka raba ma'aikata, in ji shi, Zakariyya ya faɗa kason can. Motar kayansa ta tashi ba tare da ya zo ya yi masa sallama ba. Mutumin da suka yi shekara goma sha biyar suna cin abinci a kwano ɗaya! Bayan sati biyu sai ga wasiƙa. Shi kuwa ya ce ba zai buɗe ba, wanda ya tafi ba sallama ya zo da ƙafarsa ya yi bayani. Daga baya ya bar gidan gwamnati ya koma Unguwar Dosa, bai bar wa kowa kwatance ba.

Nafisat ta dube shi, wannan karon ba dariya a fuskarta.

"Wato shi ma biko kake jira."

Malam Inuwa ya kau da kai daga ambulan ɗin da ke hannunta.

"Shekara talatin da takwas, Angona. Na zaure kwana talatin aka ba ka, ka ga yadda ta ƙare. Na Malam Zakariyya kwana biyu ya rage, shi ma ba tabbas. In wannan ya rufe, ba ni da sabon shafin da zan buɗe maka."

Maganar ta shige shi har ƙashi. Ya karɓi ambulan ɗin ya shafa ta da tafin hannu, ya sa a aljihun gaba.

"Buɗe shafin," ya ce. "Sa ganyen. Sa har da reshe in kin ga dama. Ina ake danna na murya? Ba zan rubuta ba, kada wani ya ce na'ura ce."

Ta karɓi wayarsa ta buɗe masa sabon shafi, ta sa sunanta a layin masu tsayawa a ƙarƙashin na Audu, ta nuna masa inda zai riƙe. Ya gyara zaman riga, ya yi gyaran murya kamar zai karanta sanarwar gwamna.

"Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ni ne Inuwa Tafireta, wanda azzalumai suka mayar na biyu."

"Angona!"

"...wanda doka ta mayar na biyu. Ni na saka hoton keke. Audu, ɗana, na zage ka, na janye, ka yafe ni. Ƙirgenka daidai ne, yatsu shida ne. Na shidan na Zakariyya ne. Hannunsa yana ƙarƙashin nawa, shi ke riƙe da keken, don in ya saki ƙasa zan yi." Ya gyara riƙon wayar. "Ban iya keke ba. Ban taɓa iyawa ba. Tafiyar nan daga Kawo zuwa Zariya da na ba ku labari har kashi uku, an yi ta, amma goya ni aka yi a baya. Shi ya tuƙa, zuwa da dawowa. Zakariyya, in kana ji, wasiƙarka tana nan, ban buɗe ba. Laifina ne. Shi ke nan."

Ya saki wayar kamar ta ƙone shi. Nafisat ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa.

"Yi dariyarki, kada ki fashe."

"Kashi uku, Angona! Har da inda ka ce ka tsere wa motar itace a hawan Birnin Yero!"

"Mun tsere mata! Ni ke ba da umarni daga baya. Direba ba ya tafiya sai da kwandasta."

"Ashe shi ya sa ka hana babana keke, ka ce hatsari ne."

"Hatsari ne mana. Ni shaida ne, sau tara na gwada."

Sai jira. Nafisat ta koma kan ɗinkinta tana kalmasa bakin zane. Malam Inuwa ya ce shi ko a jikinsa, amma duk bayan numfashi uku sai ya leƙa wayar. Saƙonni suka fara zuba. Audu ya rubuta, "Baba, ni ne mai neman gafara, barka da dawowa." Wata ta ce ita ma mijinta bai iya ba, a rufa masa asiri. Wani ya ce a mayar wa tsoho lambarsa yau yau.

"Kin ji ko? Jama'a na kira."

"Jama'a ba su ne doka ba. Ganyenka na nan sai ka yi wata shida."

Ba ta rufe baki ba saƙon Aminatu ya shigo, ta akwatin da ba mai gani sai shi. Kwatancen gida ne, bayan kasuwar Rigachikun, da lambar waya, da saƙon murya guda. Nafisat ce ta danna masa saƙon muryar. Aka ji tari, aka ji motsin gado, sannan wata murya siririya mai shaƙewa.

"Inuwa... shekara kusan hamsin ina riƙe maka keken nan, ban saki ba. Yau kai ka saki da kanka." Sai tari, da wata 'yar dariya a cikinsa. "Ka zo. In ba ka san hanya ba, a goyo ka, kamar yadda aka saba."

Malam Inuwa ya yi dariya, sai ga hawaye. Ya ja hannun babbar riga ya rufe fuska.

"Zare ne ya shiga mini ido. Shagon nan ƙazanta gare shi."

"Na gani. Ni ma ya shiga nawa," in ji Nafisat, tana goge nata da bakin mayafi. Ta kashe fanka, ta ɗauko kwaɗon shago. "Tashi mu je. Zumunci a ƙafa yake, ko da ƙafar ba ta iya feda ba. Wasiƙar fa, ba za ka buɗe a hanya ba?"

"Shi ya rubuta, shi zai karanta mini. In idonsa ya gaza, ke ki karanta mana, tunda Allah ya ba ki manya."

Ya ɗauki ƙullin dabinon nan ya kwance, ya raba biyu, ya tura mata rabi.

"Wannan ba hanci ba ne, an riga an gama aiki. Kin ci ni, mummuna. Yau kam kin ci ni."

Ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta jefa a baki, ta mayar masa da sauran. "Ɗaya ta ishe ni shaida. Kai wa direbanka, ya daɗe bai karɓi ladan goyo ba." Ta miƙa masa jakarta. "Riƙe. A zaurenmu sabon shiga ke ɗaukar jaka."

"Wace doka ce kuma wannan?"

"Ta takwas. Yanzu na kafa ta."

Ya karɓa yana dariya, ya rataya ta a kafaɗa a kan babbar riga, fayil a ɗaya hammatar. Kafin ta gama kulle shago har ya kai bakin titi yana ɗaga wa Keke Napep hannu biyu.

"Yi sauri mana!" ya ƙwala mata. "Yau ni ne mai biko, kuma na makara."